Daga Rumbun Tsimi Zuwa Masaki: Tarihin Haɗa Hannu Wajen Yaƙi da Yunwa a Ƙasar Kazaure da Babura

A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta buɗe sashen kula da yara masu tamowa a babban asibitin Kazaure. Kafin wani lokaci mai tsawo, iyaye mata daga ƙauyukan Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura sun cika wurin da goyonsu, aka yi jinyar dubban yara. Wanda ya ga wannan cincirindo zai iya ɗauka cewa a ranar ne aka fara yaƙi da yunwa a wannan yanki, kuma baƙi ne suka kawo shi. Tarihi bai nuna haka ba. Mutanen wannan ƙasa sun daɗe da nasu tsarin na tallafar juna, wanda ya ratsa da su ta cikin fari da fara da tsadar hatsi. Abin da wannan rubutu zai bi diddiginsa shi ne yadda wancan tsohon tsari ya yi aiki, da inda ya gaza, da yadda sababbin ƙungiyoyi suka shigo da abubuwan da ya rasa, su ma kuma da nasu rauni.

Ƙasar da mutanenta

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ibrahim Ɗantunku, wanda ya ɓalle daga ikon Kano a 1819, a farkon zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo. A yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim, amma maƙwabciya ce ta kusa, kasuwa ɗaya ake ci, damina ɗaya ake jira. Dukkansu suna cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Ƙasar Kazaure da Roni tana da duwatsu da kwaruruka, ta Babura kuma rairayi ce. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin dogaro, kuma damina ɗaya ce tal, ta wata uku zuwa huɗu. Idan ta yi kyau an tsira, idan ta yi gardama sai a shekara ana lissafin damin da ya rage a rumbu. Hanyoyi biyu ne suka ɗaure yankin da arewa: wadda ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Daura, da wadda ta bi ta Ɗambatta da Babura ta nufi Magarya da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Saboda haka duk wata yunwa da ta taɓa kudancin Nijar, ba a daɗewa ake jin ɗuminta a nan, haka kuma duk tashin farashin da aka yi a Kano yakan isa can.

Ƙungiyoyin da ba su da rajista

Tun kafin a san kalmar "ƙungiya mai zaman kanta", ƙauyen Bahaushe yana da matakan kariya hawa-hawa. Mataki na farko shi ne gandu, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya. Maigida na ƙwarai yakan ware rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai damina ta tsaya, lokacin da aiki ya fi yawa abinci kuma ya fi ƙaranci. Mataki na biyu shi ne gayya: wanda ciwo ya kwantar, ko aiki ya fi ƙarfinsa, samarin gari su taru su nome masa gona a yini guda. Mata kuma suna da adashi da biki, inda abin da kika kai wa ƙawarki ranar suna ko aure zai dawo miki da ƙari ranar taki hidimar. Akwai kuma kiwon raba riba, inda mai hali zai ba mace akuya ta kiwata, su raba 'ya'yan.

Sama da waɗannan akwai zakkar hatsi, wato ɗaya bisa goma na abin da aka noma da ruwan sama, wadda ake fitarwa tun a bakin gona. Akwai kuma nauyin da al'ada ta ɗora wa sarkin noma da mai gari da attajiri, na buɗe rumbu idan gari ya ƙuntata. Idan duk wannan ya ƙare, sai a koma ga ilimin daji, wanda yawanci a hannun mata yake: tafasa da yaɗiya da rama da zogale, aduwa da goruba da kanya da ɗinya. A shekarun da abin ya yi tsanani har ƙwayar ƙarangiya an sussuka, an kuma tona gidan tururuwa don hatsin da ta tara. Mazaje kuma su tafi cin rani, don a rage bakin da ke cin rumbu, a kuma dawo da ɗan abin sayen hatsi.

Wannan tsari yana da ƙarfi, amma yana da iyaka. Yana iya ɗaukar gida ɗaya ko goma da suka faɗi, saboda sauran suna tsaye. Ranar da gari duka ya faɗi tare, babu mai ɗaga wani.

Shekarun da suka sami suna

Bahaushe yakan raɗa wa babbar yunwa suna, ta zama ma'aunin shekaru. Tsofaffi a ƙasar Kano da Daura da Katsina sun riƙe sunaye irin su Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, da Mai Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta wajen 1942, wadda ta sami sunanta saboda can aka riƙa zuwa neman hatsi, da kuma Muda ta wajen 1954.

Ƙaƙalaba ta fi kowace muni, kuma ta zo ne a daidai lokacin da duniyar manomi take sauyawa. Turawa sun ci Kano a 1903, Kazaure ta shiga cikin Lardin Kano. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, wanda ake karɓa bayan girbi, lokacin da hatsi ya fi araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma da dama suka karkata gare ta don samun kuɗin haraji. Da daminar 1913 ta gaza, sai aka tarar rumbuna ba su da kauri. Mutane suka kwararo daga arewa, daga ƙasar da Faransa take mulka, suka bi hanyoyin da suka ratsa wannan yanki suna neman Kano. Dubun-dubatar mutane suka mutu a lardin, taimakon gwamnatin mulkin mallaka kuma ya zo a makare, bai kuma taka kara ya karya ba.

Masanin nan Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, ya fitar da littafinsa Silent Violence a 1983. Hujjarsa ita ce, fari daga Allah yake, amma yadda fari yake zama yunwa yana da alaƙa da haraji da bashi da kasuwa, waɗanda suka sassauta igiyoyin da suka ɗaure talaka da mai hali. Shekara biyu kafin nan, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya nuna cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali kasuwa cike take da abinci, idan mutum ba shi da abin saye. Manomin Gwiwa da ya sayar da geronsa da kaka don biyan haraji, ya dawo yana sayensa da ninkin kuɗi a watan Yuli, bai buƙaci littafi ya gaya masa wannan ba.

A nan ne gurbin farko na tsohon tsari ya bayyana. Gayya da zakka suna iya raba abin da ke akwai, amma ba su da bakin da za su ce wa hukuma ta sassauta haraji ko ta kawo ɗauki. Wannan murya sai daga baya ta fito, ta hanyar siyasa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta mayar da kukan talaka a kan haraji da aikin tilas abin faɗa a bainar jama'a. An ɗauki kusan shekara talatin kafin gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, sokewar da ta shafi Kazaure da Babura kai tsaye.

Farin 1973 da abin da ya biyo baya

Farin da ya mamaye yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya zo wa Nijeriya tana da kuɗin man fetur, tana kuma da jaridu. Labarin da jaridu irin su New Nigerian ta Kaduna suka riƙa bugawa ya taimaka wajen sa gwamnati ta motsa, aka kafa kwamitocin agaji, aka raba hatsi. Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya bi ƙauyukan gundumar Ɗambatta, maƙwabciyar Kazaure da Babura, yana tambayar mutane yadda suka rayu. Abin da ya fito daga binciken, wanda ya shiga littafinsa Adapting to Drought na 1989, shi ne cewa hatsin agaji kaɗan ne daga cikin abin da ya riƙe mutane. Mafi yawa dabararsu ce: sayar da dabba, ƙodago, saƙar tabarma da igiya, itacen wuta, cin rani, da taimakon dangi.

Gwamnatin Audu Baƙo, wadda ta mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta amsa da gina madatsun ruwa, babbarsu ita ce Tiga. Kazaure ma ta sami tata madatsar, wadda ta buɗe ƙofar noman rani da kamun kifi. Sai dai masifu ba su tsaya ba. A 1975 cutar gyaɗa ta rusa noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano, sannan fari ya dawo a 1983 da 1984, tare da annobar shanu. A waɗannan shekaru ne ƙungiyoyin addini da na ci gaban gari suka ƙara yawa: 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na sauran ƙungiyoyin addini, ƙungiyoyin samari na aikin gayya, da tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985. Su ne gadar da ta haɗa tsohon zumunci da sabon salon ƙungiya mai shugaba da sakatare da ma'aji.

Yunwar da ba ta da suna

Akwai gurbi na biyu da duk waɗannan ba su cike ba. Tsohon tsari yana gane yunwa idan rumbu ya ƙare. Ba ya gane ta idan rumbu yana cike amma yaro ɗan wata goma yana ramewa, gashinsa yana jaja, ƙafarsa tana kumbura. Irin wannan akan danganta shi da shan nonon mai ciki, ko maita, ko iska. A gidaje da yawa akan matse dakashi, wato nonon farko, a zubar, a ɗura wa jariri ruwa da jiƙo. Da an yaye yaro sai koko tsararo, alhali wake da gyaɗa da ƙwai suna tafiya kasuwa. Wannan yunwa ba ta jiran fari, kowace shekara tana nan, shi ya sa ba wanda ya raɗa mata suna irin na Ƙaƙalaba.

Abin da ya fito da ita fili ya faru ne a ƙetaren iyaka. A 2005, bayan fari da fara, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo a Nijar, tsadar da ke da alaƙa da manyan kasuwannin Nijeriya irin su Dawanau ta Kano. A watan Maris na shekarar, gamayyar ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin jagorancin mutane irin su Nuhu Arzika, ta tsayar da harkoki a biranen ƙasar don adawa da harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan masarufi. An kama shugabanninta, amma a ƙarshe gwamnati ta janye mafi yawan harajin. A daidai wannan shekara, MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, duk da cewa Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar.

Abin da ya sa aka iya wannan adadi shi ne wani abinci da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, Plumpy'Nut: tunkuzar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin 'yar leda mai nauyin giram 92. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, don haka uwa tana iya ba ɗanta a gida, ta riƙa kawo shi awo mako-mako. Abin lura a nan shi ne, gyaɗar da aka riƙa lodawa a jirgi daga Kano zuwa Turai, ita ce ta dawo a matsayin magani.

Zamanin shirye-shirye da gamayya

Nijeriya ta fara wannan salon jinyar tamowa a cikin al'umma a 2009 da taimakon UNICEF, sannan ya bazu zuwa jihohin arewa har da Jigawa. Aikin MSF na Kazaure a 2010 ya zo ne a shekarar da Sahel ta sake shiga ƙarancin abinci. A 2011 Nijeriya ta shiga yunƙurin duniya na bunƙasa abinci mai gina jiki, SUN, kuma a wannan shekara aka fara shirin WINNN da kuɗin gwamnatin Birtaniya, wanda UNICEF da Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar a jihohin Jigawa da Katsina da Kebbi da Zamfara da Yobe. Gwiwa tana cikin ƙananan hukumomi uku da aka zaɓa a Jigawa, tare da Birnin Kudu da Guri.

Ƙashin bayan wannan aiki mutanen gari ne. 'Yan sa-kai, maza da mata, su ne suke bi gida-gida da ɗan ma'aunin dantse mai launi uku: idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya da yaro asibiti. An kafa rukunonin iyaye mata da suke zama suna tattauna shayar da nono zalla na wata shida, da yadda za a haɗa kunun yaro da gyaɗa da waken suya da zogale. An jawo ungozoma da limamai da masu unguwanni, domin an fahimci cewa maganar da uwar miji da maigida ba su yarda da ita ba, ba za ta shiga ɗaki ba. Idan aka duba da kyau, wannan gayya ce da zaman biki aka ba su sabon aiki.

A wani ɓangaren na jihar, a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, an gwada ba masu juna biyu naira 3,500 duk wata har yaro ya shekara biyu, ƙarƙashin shirin CDGP na 2013 zuwa 2019, kuma bincike ya nuna raguwar tsumburewar yara a gidajen da suka amfana. A matakin ƙasa kuma, a watan Agustan 2014 aka ƙaddamar da CS-SUNN, gamayyar ƙungiyoyin farar hula masu fafutukar abinci mai gina jiki, wadda take da rassa a jihohi. Aikinta ba raba abinci ba ne. Bin kasafin kuɗi take yi: nawa aka ware, nawa aka saki, ina ya tafi. Wannan ita ce muryar da manomin 1914 ya rasa.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka an gama. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Kebbi ce kaɗai ta fi ta. Ledar gyaɗa tana ceto yaron da ya kai gargara, amma ba ta haƙa rijiya, ba ta sa yarinya a makaranta, ba ta rage farashin mudu.

Zanen aro

Shekarun baya-bayan nan sun gwada kowane tsari. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, annobar korona ta hana cin kasuwa da cin rani, ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a sassan Jigawa. A 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, bayan wata biyu kuma juyin mulkin Nijar ya sa aka sake rufe iyakar da kasuwannin wannan yanki suke numfashi da ita, har zuwa Maris na 2024. Sai kuma a farkon 2025 Amurka ta datse mafi yawan tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. A Jihar Katsina, wadda Roni da Gwiwa suke iyaka da ita, MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a wata shidan farko na 2025. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage a tsaye idan motocin ƙungiyoyi suka tafi, shi ne abin da yake da saiwa a gari. Masarautar Kazaure, ƙarƙashin Sarki Najib Hussaini Adamu wanda ya hau gadon sarauta a 1998, ta tsara karɓar zakka da rabonta ta hannun kwamiti, gunduma-gunduma, ta yadda hatsin da aka tara a ƙasa yake komawa ga mabuƙatan ƙasar. Gwamnatin jiha kuma ta fito da shirin Masaki a ɗaruruwan ƙauyuka, inda matan gari suke auna yara, suna koya wa juna haɗa abinci mai gina jiki daga amfanin gonar da ke hannunsu. Sunan ma ya dace, domin masaki ita ce babbar ƙwaryar da ake tara abincin taro a cikinta.

Kammalawa

Tarihin shekara ɗari da 'yan kai ya nuna abu uku da al'umma take buƙata don tsallake shekarar wahala: rumbun da za a raba, ilimin gane yunwar da ke ɓoye a jikin yaro, da bakin da zai tambayi hukuma. Kakanni suna da na farko. Likitoci da 'yan sa-kai sun kawo na biyu. Na uku kuma an faro shi tun zamanin NEPU, yau yana hannun masu bin diddigin kasafi da 'yan jarida. Ba a taɓa samun lokacin da ukun suka haɗu sosai a wuri ɗaya ba, kuma nan ne aikin yake. Kwamitin zakka da ya san gidajen da ma'aunin dantse ya nuna ja, zai fi sanin inda zai kai dami. Ƙungiyar da take zuwa Dutse neman a saki kuɗin tamowa za ta fi nauyi idan matan Masaki na Roni da Babura suna cikin tawagarta. Manomin da ya ware tiya biyu ta wake ya ce wannan ta yara ce, ba ta kasuwa ba, shi ma ya shiga gamayyar ko da bai taɓa jin sunanta ba. Damina za ta sake yin gardama wata rana, kamar yadda ta saba. Allah Ya sa ta tarar da rumbun tsimi a cike, da mutanen da suka san wanda za a fara ɗiba wa.